A Riƙe Littafi da Agogo Kafin a Sayi Motocin Sintiri

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ina roƙon ka sam mini fili in tofa albarkacin bakina kan maganar da jaridarka ta taso da ita kwanakin baya, ta cunkoson da kan biyo bayan haɗari ko lalacewar mota a manyan hanyoyi. Kusan duk waɗanda suka yi sharhi bakinsu ya zo ɗaya, cewa a ƙaro motocin sintiri, a ƙaro ma'aikata. Ban ƙi ta tasu ba. Sai dai ni a kan sitiyarin janwe na yi ƙuruciyata, da gwiwa ta fara gardama kuma aka mayar da ni tebur, ina karɓar kira ina tura direbobi, har na ajiye aiki. Abin da na gani a wuraren nan biyu shi ne, yawan motoci ba ya buɗe hanya in ba a san inda za a ajiye su ba, da lokacin da za su fita, da abin da aka yarje wa direba ya yi in ya isa wurin. Waɗannan kuwa ba a sanin su da ka. Sai an riƙe littafi, an kuma duba agogo.

Ka yi haƙuri in fara da lissafi, don shi ne mutane ba su cika yarda da shi ba sai sun gan shi a takarda. Layi ɗaya na babban titi, in komai na tafiya daidai, yana iya ɗaukar mota wajen 2,000 a awa. Titi mai layi 3 a hannu ɗaya ke nan yana ɗaukar 6,000. Hankali zai ba mutum cewa in aka toshe layi ɗaya, kashi biyu cikin uku ya rage. Injiniyoyin hanya na Amurka sun auna, sun tarar abin da ke saura kashi 49 ne cikin 100, wato rabi ma bai cika ba. In titin mai layi 2 ne aka toshe ɗaya, kashi 35 kaɗai ke saura. Duk wanda ya taɓa tsayawa a irin wurin ya san dalili. Kowa na kutsa kai ya shiga layin da ya rage, kowa na taka birki, wanda ya samu ya kuɓuta kuma sai ya rage gudu ya leƙa ya ga abin da ya faru. Masu kallon nan har a ɗaya hannun sukan haɗa nasu cunkoson, inda babu abin da ya tare su sai son ganin ƙwaƙwaf.

To mu ɗauka da safe ne, mota 5,000 ke zuwa a awa, sai wata ta mutu a layin tsakiya. Yanzu wajen 3,000 titin ke iya sakewa. Ke nan kowace awa mota 2,000 ke taruwa a baya. In aka yi minti 30 kafin a janye ta, mota 1,000 sun jibge, jerin ya haura kilomita 2. An janye, an buɗe, amma da sauran rina a kaba. Titin na sakin 6,000 a awa, sababbi 5,000 na ci gaba da kwararowa, rarar 1,000 ce kawai ke rage tulin, don haka sai an ƙara awa guda cur kafin hanya ta koma yadda take. Yanzu a ce cikin minti 15 aka janye ta. Mota 500 suka taru, rabin awa ta ishe su watsewa. Tulin ya koma rabi, lokacinsa ma ya koma rabi, in ka haɗa duk awannin da jama'a suka ɓata sai ka ga ya koma kwata. Rage minti 15 daga aikin janwe ya kawar da kashi uku cikin huɗu na wahalar. Wanda ya fahimci wannan ya fahimci sana'armu, sauran duk bayani ne. Hukumar manyan hanyoyi ta tarayyar Amurka ta ƙiyasta cewa kusan kashi 25 cikin 100 na cunkoson hanyoyin ƙasar daga irin waɗannan tsautsayin yake tasowa.

Ɓata lokacin ma da sauƙi. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne wutsiyar jerin. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Direba ya fito daga kwana ko ya gangaro daga tudu, sai kawai ya ga motoci tsaye cik a gabansa, in babbar mota ce da kaya sai dai wani ikon Allah. Sau da yawa kiran farko na taya ne da ta fashe, ba wanda ya ji ko ƙwarzane, kira na biyu kuma daga can baya, ana neman motar asibiti. Shi ya sa nake ganin duk tsarin da ya tura mota wurin haɗari bai tura wata ta tsaya bayan jerin tana kunna fitilar gargaɗi ba, rabin aiki ya yi.

Yawancin kiran da ke shigowa ba na manyan haɗurra ba ne. Taya ce ta yi faci ba jak, mai ne ya ƙare, batir ne ya yi sanyi, ruwan lagireto ne ya ƙone inji ya ɗauki zafi, ko biyu sun gogi juna sun fito suna nuna wa juna yatsa a tsakiyar titi. Aikin minti goma ne ga wanda ya zo da kayan aiki. Birnin Shikago ne ya fara sintirin agaji na dindindin a farkon shekarun 1960. Na Los Angeles da aka fara a 1991 shi ne na fi sha'awar tsarinsa. Hukumar sufurin yankin, da haɗin gwiwar 'yan sandan manyan hanyoyi na jihar Kalifoniya, tana ɗaukar kamfanonin janwe kwangila, su yi ta kewaya hanya lokacin da aka fi zirga-zirga. Su canza maka taya, su zuba maka ɗan mai, su tayar maka da batir, su ƙara maka ruwa, duk kyauta. In abin ya fi ƙarfin 'yan mintuna, su ja ka zuwa wani wuri da aka keɓe a wajen titin, daga nan ka nemi bakanikenka. Ba sa kai ka garejin kowa, ba sa karɓar ko na goro. Wannan ƙa'idar ta ƙarshe ba ƙaramar hikima ba ce. Direban sintirin da ke da gareji a zuciyarsa ba zai taɓa gyara maka mota a gefen hanya ba, ko da waya ɗaya ce ta zare.

Yanzu ga littafin da nake magana a kai. Ba wani abu ne mai tsada ba. Kowane kira a rubuta wurin da abin ya faru, da hannun da yake, da irin abin, da irin motar, sai lokuta huɗu: lokacin da labari ya iso, lokacin da aka isa wurin, lokacin da aka buɗe dukan layuka, da lokacin da ma'aikaci na ƙarshe ya bar wurin. In aka riƙe wannan 'yan watanni, hanya da kanta za ta gaya maka inda ciwonta yake. Ba a warwatse tsautsayi yake ba. Za ka ga ya taru a doguwar hawa inda tsofaffin injina ke ɗaukar zafi, da gangarar da birki ke shanyewa, da inda wata hanya ta shigo ta haɗu da babba, da kan gada inda babu gefen da mutum zai raɓe. Za ka ga ranakun da ya fi yawa, da awannin. Za ka kuma gane inda mintunanka ke zurarewa. Wani wurin labari ne ba ya isowa da wuri, wani wurin hanyar isa ce babu, wani wurin kuwa an isa tun tuni ana tsaye ana jiran wani. Kowanne maganinsa daban. Wanda ya sayi sababbin motoci alhali matsalarsa ta jiran izini ce, ya bar jaki yana dukan taiki.

Daga littafin ne ake yanka hanya zango-zango. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauki taswira a raba hanya daidai wa daida, kowace mota kilomita kaza, don kada wani yanki ya ce an fifita wani. Ai hanya ba rabon gado ba ce. Inda kira ya yi yawa a gajarta zango, inda ya yi ƙaranci a tsawaita. A ce zangon kilomita 15 ne, je ka dawo 30, mota na tafiya kilomita 60 a awa, minti 30 ke nan kafin ta kewayo. Wanda motarsa ta mutu, in ba a kira ba, zai jira wajen minti 15 bisa matsakaici kafin a zo ta kansa. In motoci biyu ne suka raba tazara, ya koma minti 7 zuwa 8. Amma a takarda ne wannan. A kan kwalta, motarka na tsaye tana taimakon wani minti 20, zangon ya zama ba mai shi, kuma cunkoson da take ƙoƙarin warwarewa shi ne zai riƙe ta. Don haka a bar zanguna su ɗan shiga juna a bakin iyaka, ta yadda maƙwabci zai iya leƙowa.

Akwai wani abu da masu zane a ofis ke yawan mantawa, wato wurin juyawa. Na sha hango mota a ɗaya hannun, in da jifa zan yi sai in same ta, amma shingen tsakiya ya raba mu, sai na yi tafiya mai nisa kafin in sami inda zan juyo. Zangon da ba a fara shi ba a kuma ƙare shi a wurin juyawa ba, tsawonsa na gaskiya ya fi wanda ke rubuce. A buɗe 'yan ƙofofi a shingen don ma'aikata kaɗai, a sa musu makulli. Haka nan a tanadi filayen da za a riƙa sauke motocin da aka ja, kusa da mafita, masu haske da dare. In babu su, janwe za ta ɗauki mota ɗaya ta yi nisan duniya da ita, ta bar zangonta a buɗe.

Batun ko a yi ta yawo ko a tsaya wuri ɗaya a jira kira, mun daɗe muna musu a kai da abokan aiki. Ra'ayina shi ne kowanne da muhallinsa. A kusa da birane, safe da yamma, yawo ya fi, don mai yawo ne ke tsintar abin da ba wanda ya kira a kai, har da ƙarfe ko ɓawon taya da ya faɗo a tsakiyar titi. A dogon daji kuwa, ko tsakar dare, yawo ƙona mai ne kawai da gajiyar da direba. Gara a ajiye mota a mahaɗa inda za ta iya bin kowane hannu. Babbar janwe mai ɗaga tirela kuma ba a yawo da ita sam, a girke ta kusa da hawa da gangarar da littafi ya nuna. In an zo lissafin motoci kuma, kada wanda ya sayi goma ya rubuta goma a kan hanya. Kullum akwai wadda ke gareji, akwai direban da ba shi da lafiya, akwai mai hutu.

Duk wannan shiri banza ne in wanda ya isa wurin ba shi da ikon taɓa komai. Wata rana tirela ɗauke da rodi ta kwanta a wata kwana, ta tare layi biyu. Direban ya fito lafiya lau. Na isa da wuri, babbar janwe ma ba ta daɗe ba ta iso. Muka tsaya cirko-cirko. Jami'in da ke wurin ya ce shi ba zai ce a taɓa ba sai na gaba da shi ya zo. Mai kaya yana waya yana rantsuwa in rodi ɗaya ya lanƙwashe sai ya maka mu a kotu. Mai tirelar ya ce yana da mutanensa da za su ɗaga masa, suna hanya. Mutanen nasa kuwa suna can a maƙale bayan cunkoson da tirelar tasa ta haɗa. Tun hantsi muna nan har rana ta yi sanyi, da aka fara ɗagawar kuma ko awa guda ba a yi ba aka gama. Babu mugu a cikinsu, Malam Edita. Kowa tsoro yake ji kada laifi ya faɗo kansa, kuma yana da gaskiya, don babu dokar da ta kare shi.

Wasu ƙasashen sun toshe wannan kafar. Jihohi da yawa a Amurka suna da doka iri biyu. Ɗaya ta wajabta wa direba, in ba wanda ya ji rauni kuma motar na iya motsi, ya kawar da ita daga kan layi kafin a fara maganar wane ne mai laifi. Ɗayar ta ba hukuma ikon ture ko janye mota da kayan da suka zube ba tare da jiran mai su ba, a wurare da dama kuma ta kare ma'aikaci daga biyan diyya muddin ba ganganci ya yi ba. Shi ya sa za ka ga motocin sintirinsu da faffaɗan bamba a gaba, na tura mota gefe. Ingila kuma a 2004 ta kafa jami'an hanya na musamman a manyan titunanta. Doka ta ba su ikon tsayar da motoci, da rufe layi, da karkatar da masu tafiya, amma kama mai laifi ba aikinsu ba ne, an bar wa 'yan sanda. A Holan sun yi wata dabara da ta burge ni. Da zarar an kira an ce ƙaramar mota ta yi haɗari a babbar hanya, janwe ake turawa nan take, ba a jiran wani ya je ya gani ya tabbatar tukuna. Wani lokaci takan je ta tarar ba kowa, masu motar sun sasanta sun wuce. Sun yarda da wannan asarar da idonsu a buɗe, don sun auna sun ga ta fi arha a kan mintunan da jira ke cinyewa.

Raba agaji da kamu, kamar yadda Ingila ta yi, ina goyon bayansa ɗari bisa ɗari. Mutumin da ya san in ya kira za a fara tambayarsa takardu kafin a tambayi lafiyarsa, ba zai kira ba. Zai kwanta ƙarƙashin motarsa a kan layi yana fama shi kaɗai, in ya hango fitilar sintiri ma gabansa ya faɗi. Ba ina cewa a daina duba takardu ba ne. A duba, amma a wani wuri, wasu mutane daban. Mai sintirin agaji kuma kada a auna ƙwazonsa da yawan waɗanda ya kama ko kuɗin da ya shigar. A auna shi da mintuna.

Maganar kuɗi ma sai an yi ta, ko da ba ta yi wa tsofaffin abokan sana'ata daɗi ba. In ana biyan mai babbar janwe da awa, me zai sa shi sauri? Ɗan Adam ne. Zai ɗaura sarƙa ya kwance, ya kewaya ya sake dubawa, kuma ba za ka iya kama shi da laifi ba, don a ido taka-tsantsan yake yi. Jihar Filorida ta juya abin. Tun 2002 'yan sandan manyan hanyoyinta da ma'aikatar sufuri suka rattaba hannu kan cewa burinsu a buɗe hanya cikin minti 90 daga isowar jami'i na farko. Daga baya suka fito da tsarin tukuici ga masu manyan injina: wanda ya iso da kayan aikinsa cikin awa guda, ya kuma buɗe layuka cikin minti 90 bayan an ce masa bismilla, yana da lada na musamman a kan kuɗin aikinsa. Wanda ya ja lokaci ya rasa ladan, in ya wuce gona da iri ma a ci shi tara. Shi kuwa ƙaramin mai sintiri, akasin haka ya dace da shi. A biya shi da awannin da ya yi yana kewaya zangonsa. In da yawan motocin da ya ja ake biyansa, har wadda mai kaɗai ya ƙare mata sai ya ɗaure ta.

In haɗari ya ci rai ko ya yi muni, dole 'yan sanda su yi bincikensu, ba mai jayayya da wannan. Haƙƙin mamaci ne da iyalinsa a san abin da ya faru. Amma awo da igiya da alli da ke cin awanni yanzu ana iya yin sa da kyamara, ko da ƙaramin jirgi maras matuƙi, a ɗauki hotuna daga sama a koma ofis a yi lissafin. Abin da ya kamata a sani tun kafin ranar shi ne wa ke da magana ta ƙarshe a wurin. Ɗan sanda na tunanin shaida, 'yan kwana-kwana na tunanin man da ya zube, ma'aikacin asibiti na tunanin wanda ke numfashi da ƙyar, mai janwe na tunanin ta ina zai saƙala ƙugiya. Kowa ya ajiye motarsa inda ya ga dama, sai ka ga motocin agajin sun fi haɗarin tare hanya. Mutanen nan bai kamata su fara sanin juna a bakin haɗari ba. A haɗa su aji ɗaya, su yi atisaye tare, oba-obarsu, wato rediyon hannunsu, ta riƙa jin juna. Akwai wata ƙa'ida ta Amurkawa da zan so kowa ya ara: wanda ya fara isa, cikin minti 15 ya ƙiyasta ko abin na ƙasa da minti 30 ne, ko na minti 30 zuwa awa 2, ko na fiye da haka, ya sanar. Da wannan kalma ɗaya mai tebur zai san ko ya kira babbar janwe, ko ya fara karkatar da motoci tun daga mafitar baya kafin su shiga tarko.

Su ma masu tuƙi da nasu rabon. A Jamus da Ostiriya doka ce, da zarar tafiya ta fara tsayawa, na layin hagu na ƙarshe su matsa hagu, sauran duka su matsa dama, a bar rariya a tsakani don motocin agaji, tun kafin a ji jiniya. Abin da ya fi ƙona mini rai a zamanin da nake tuƙi shi ne masu bin gefen titi don su tsallake layi. Gefen nan shi ne kaɗai hanyata zuwa wurin. In suka cika shi, ni da su duk mun zauna jiran gawon shanu, kuma cikinsu har da masu danna mini oda wai na tare musu hanya.

Ba zan rufe ba sai na yi maganar yaran da za a tura aikin nan, don na binne abokan aiki. Mai sintiri yana durƙushe yana kwance nati, bayansa ga motocin da ke wucewa da gudu, tazarar da ke tsakaninsu ba ta fi kamu biyu ba. Dukan jihohin Amurka 50 suna da dokar da ta ce in ka ga motar agaji tsaye da fitila, ka koma wani layin ko ka rage gudu, amma har gobe ana bankaɗe ma'aikata a can. Doka ba ta tare ƙarfe. Abin da ke tarewa shi ne a koya wa yaro ya ajiye motarsa a karkace bayan wurin aiki, da ɗan nisa, ya murɗa tayoyin gaba ta yadda in an doke ta daga baya za ta nufi wani wajen, ba kan mutane ba. In aikin ya kai a tsaya a kan layi, a rufe layin da abin ya faru da wanda ke kusa da shi, a jera robobin tare hanya tun daga nesa, a buɗe na biyun da zarar an samu hali. A ba shi riga mai ƙyalli da dare wadda ba ta koɗe ba, da fitilar kibiya a bayan mota, da yashi da shebur da tsintsiya don man da ya zuba da fasassun gilasai. Kada a haɗa masa aikin dare da na safe don ana ƙarancin hannu. Direban da ya kwana a tsaye shi ma haɗari ne mai jiran wuri.

Wani abu mai arha da zan ƙara, wanda na fi kowa sanin zafinsa saboda zaman tebur, shi ne alamun kilomita. Mutum ya kira a gigice, ka ce kana ina, ya ce kusa da wata gada, bayan wani gidan mai. Wace gada? Hannun tafiya ko na dawowa? Kafin ku fahimci juna minti biyar sun tafi, wani lokaci ka tura mota ta nufi gabas alhali mutumin yana yamma. A kafa ƙananan alluna kusa da kusa, kowanne da lambar hanya da hannu da kilomita, manyan baƙaƙe da za a iya karantawa da fitilar waya, a rubuta gajeriyar lambar kira a jikinsu. Lamba ɗaya tak, wadda in an kira ana ɗauka, wanda ya ɗauka kuma yana da taswirar allunan a gabansa da oba-oba a hannunsa.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya tsare mu a hanyoyinmu, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Naka,
Wani tsohon direban janwe